Yadda Ake Zaɓen Kwamfutar da Za Ta Riƙe Manhajar DJ Har a Tashi Biki: Jagora ga Masu Sana'ar a Jihar Kebbi

Duk wanda ke sana'ar DJ a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri ko Zuru ya san cewa abin da mai biki yake biyan kuɗi a kansa shi ne kiɗa ya tashi a lokacin da ake so, kuma kada ya yanke har a watse. Jama'a kan yi haƙuri da lasifikar da ba ta da ƙarfi sosai, kuma sukan yafe wa wanda ya rasa wata sabuwar waƙa, amma da wuya su manta da DJ ɗin da kwamfutarsa ta tsaya cak ana tsakiyar shigo da amarya wajen kamu. Wannan ne ya sa ma'aunin zaɓen kwamfuta a wannan sana'a ya sha bamban da na ɗalibi ko ma'aikacin ofis. Kwamfutar ofis tana iya daskarewa na daƙiƙa biyu ba tare da kowa ya lura ba, alhali ta DJ ko ƙiftawar ido ta yi tana jinkiri, duk wanda ke filin sai ya ji. Abin da ake nema shi ne na'urar da za ta yi sa'o'i shida ko takwas tana fitar da sauti ba tare da tangarɗa ba, a cikin zafi da ƙura, a kan wutar janareto.

Mataki na farko: a fara da manhaja da kwantirola

Yawancin masu shiga sana'ar suna fara sayen kwamfuta ne, sannan su koma neman manhajar da za ta yarda ta zauna a kanta. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a tsayar da manhaja tukuna, a bi da kwantirola, wato na'urar da DJ ke haɗawa da kwamfuta yana sarrafa kiɗa da hannu a kanta, kwamfuta ta zo a ƙarshe, domin kowace manhaja tana da shafi a gidan yanar gizonta da ya bayyana irin firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), yawan RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da nau'in Windows ko macOS da take buƙata, kuma kowace kwantirola tana da manhajojin da aka ƙera ta dominsu.

VirtualDJ ta kamfanin Atomix ita ce aka fi gani a hannun masu sana'ar a wannan yanki, saboda tana karɓar kwantirola iri-iri, tana kunna bidiyo, kuma mutum yana iya sarrafa ta da kibod da linzami kawai kafin ya samu kuɗin kwantirola. Serato DJ, wadda kamfaninta ke ƙasar New Zealand, an gina ta ne a kan aiki da kayan da ta amince da su, don haka sai an duba jerin kayan kafin a saya. Ita kuwa rekordbox ta kamfanin AlphaTheta ce, masu alamar Pioneer DJ, kuma ita ce hanyar wanda ke fatan wata rana ya yi aiki a kan manyan na'urorin kunna waƙa na ƙwararrun DJ da ake kira CDJ. Akwai Traktor ta Native Instruments a Jamus, sannan akwai Mixxx wadda kyauta ce gaba ɗaya, tana aiki a Windows, macOS da Linux, kuma ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta. Kwantirola irin Pioneer DDJ-FLX4, wadda ta fito a 2022, tana aiki da rekordbox da Serato DJ Lite, kuma tana ɗauke da katin sautinta a ciki, wanda shi ne zai ba ka damar sauraron waƙa ta gaba a hedifon yayin da jama'a ke jin ta yanzu a lasifika.

Tambaya ɗaya ce za ta raba maka kasuwa gida biyu tun daga nan: shin za ka riƙa amfani da fasahar raba waƙa kashi-kashi, wadda manhajojin ke kira Stems? Wannan fasaha tana ware murya daban, ganga daban, bas daban, sauran kayan kiɗa daban, nan take ana cikin kunna waƙar. VirtualDJ ta kawo ta a 2020, Serato ta bi baya a ƙarshen 2022. Amfaninta a bikinmu a fili yake, domin da maɓalli ɗaya za ka cire muryar mawaƙi ka bar kiɗan yana tafiya, mai gabatarwa ya samu sararin kiran dangin ango su fito liƙi. Sai dai babu wani aiki a manhajar DJ da ya kai ta cin ƙarfin kwamfuta. Wanda ba zai yi amfani da ita ba, kuma ba zai riƙa haska bidiyo a majigi ba, kwamfuta matsakaiciya ta ishe shi. Wanda yake son ta nan take, sai ya shirya sayen Mac mai firosesar Apple ta jerin M, ko kwamfutar Windows mai katin hoto na Nvidia RTX. Akwai hanya ta tsakiya, wato a sa manhajar ta raba waƙoƙin tun a gida ta ajiye, amma hakan yana cin wurin ajiya mai yawa.

Mataki na biyu: fahimtar dalilin da ke sa sauti yankewa

Wannan bayani yana da ɗan zurfi, amma wanda ya gane shi ba za a ruɗe shi da manyan lambobi a kanti ba. Kwamfuta ba ta aika sauti zuwa kwantirola a dunƙule. Tana yanka shi ne ƙanana-ƙanana tana miƙawa. A kowace daƙiƙa ɗaya, sauti irin na faifan CD yana ɗauke da ɗigo 44,100. Idan aka saita manhaja ta riƙa miƙa ɗigo 256 a kowane zuwa, to kwamfutar tana da kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ne kacal ta shirya kaso na gaba. Idan aka ɗaga zuwa 512, tana da kusan kashi 12. Abin ya yi kama da leburorin da ke miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar zuba dakin: ko da dukkansu ƙarfafa ne, mutum ɗaya ya tsaya amsa waya, zubin ya yanke.

Mai tsayawa amsa wayar a cikin kwamfuta yawanci ba firosesa ba ce. Ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura ne, waɗanda ake kira direbobi, musamman direban Wi-Fi, na Bluetooth, na katin hoto, da wanda ke lura da batir. Idan ɗayansu ya riƙe firosesa fiye da lokacin da ya kamata, sai a ji ƙaras-ƙaras a lasifika ko sautin ya ɗauke na ɗan lokaci. Shi ya sa za ka ga kwamfutar wasanni mai tsada tana karya sauti, wata tsohuwar kwamfutar ofis kuma tana yin dare guda lafiya lau. Ba a gane wannan daga takardar da aka manna a jikin kwamfuta. Sai an gwada, kuma yadda ake gwajin yana tafe a mataki na bakwai.

Mataki na uku: karanta lambar firosesa

A kasuwar kwamfutocin hannu, kalmar da aka fi sayar da kaya da ita ita ce "Core i7", kuma ita ce ta fi cutar da masu saye. Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka haɗa da lambar da ke biye da shi. A lamba irin i5-8250U, takwas ɗin farko yana nufin zubi na takwas. A i5-10210U ko i5-1135G7, lambobi biyu na farko ne ke nuna zubin, wato na goma da na goma sha ɗaya. Muhimmancin wannan shi ne, i7-7500U ta zubi na bakwai ƙwayoyin aiki biyu gare ta, alhali i5-8250U tana da huɗu, don haka i5 ɗin ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba duk da cewa sunanta ya fi ƙanƙanta.

Shawarata ita ce kada a sauka ƙasa da Core i5 zubi na takwas, ko Ryzen 5 na kamfanin AMD daga jerin 4000 zuwa sama, irin su 4500U da 5500U masu ƙwayoyi shida. Akwai dalili na biyu bayan ƙarfi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, in ban da wasu 'yan tsiraru. Kamfanonin manhajar DJ kan bi sahun Microsoft ne, su janye tallafi daga tsohuwar Windows sannu a hankali. Wasu masu shago suna da dabarar cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, saboda haka ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce; ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance, ka karanta lambar firosesar da idonka.

Celeron, Pentium da Atom ba na wannan aiki ba ne, ko da sabuwa ce dal a kwali. Haka ma Chromebook, domin manyan manhajojin ba sa hawa kanta. Sababbin kwamfutocin Windows masu firosesar Snapdragon suna da batir mai daɗewa, amma ba kowace manhaja da direban kwantirola ne ke aiki a kansu ba, don haka sai an tabbatar daga kamfanin manhajar kafin a kusance su.

Mataki na huɗu: RAM da wurin ajiya

Gigabayit 8 na RAM shi ne mafi ƙaranci, 16 kuma shi ne inda hankali ke kwanciya. Abin da ya fi yawan adadin muhimmanci ga mai ƙaramin jari shi ne ko ana iya ƙarawa daga baya. Kwamfutocin ofis irin Lenovo ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 duk suna da ramuka biyu na RAM, wato za ka iya saye da 8 yau, ka cika 16 bayan bukukuwan Sallah. An ƙera su ne don kamfanoni, jikinsu yana da ƙwari, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu a Najeriya. Yawancin siraran kwamfutoci, har da duk MacBook masu firosesar M, RAM ɗinsu a manne yake, abin da ka saya shi za ka zauna da shi.

Game da wurin ajiya, babu ja-in-ja: SSD ake so. Tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, yana da allura da ke karatu a kan faranti mai gudu, kuma girgizar manyan lasifikun bas da ke kusa da teburinka tana iya sa shi tuntuɓe ko ta lalata shi baki ɗaya. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Wajen lissafin girma, waƙar MP3 mai inganci 320 kbps tana cin kusan megabayit 2.4 a kowane minti, wato waƙar minti huɗu ta kusa megabayit 10, waƙoƙi 10,000 kuma kusan gigabayit 100. Sai dai DJ a Kebbi ba ya rayuwa da waƙoƙin minti huɗu kaɗai. Waƙoƙin biki na Hausa sukan yi tsawo, kiɗan gargajiya na fada da na noma wani ya haura minti ashirin, kuma wanda ke karɓar aiki daga Kamba zuwa Zuru dole ya tanadi na Zabarmanci, Fulatanci da Dakarci, ga na kudu da na ƙasashen waje. Gigabayit 256 za ta cika da wuri. A nemi 512, mai harkar bidiyo kuma ya nemi terabayit ɗaya.

Mataki na biyar: Mac ko Windows

Dalilin da ya sa manyan DJ na duniya suka fi riƙe MacBook shi ne kamfani ɗaya ne ke ƙera na'urar da manhajar da ke tafiyar da ita, don haka rikicin direbobi da aka bayyana a sama ba shi da yawa, kuma yawancin kwantirola da an soka suke kamawa. Tun da Apple ya fito da firosesar M1 a Nuwamban 2020, batirin MacBook yana iya ɗaukar biki guda ba tare da caja ba, kuma na'urar ba ta cika zafi ba. MacBook Air ta jerin M ba ta da fanka ko kaɗan, wanda alheri ne a lokacin hunturu tunda ba ta zuƙar ƙura, amma idan aka haɗa mata raba waƙa da bidiyo a zafin Afrilu, takan rage gudu don ta kare kanta. Mai irin wannan aiki MacBook Pro mai fanka ta fi dacewa da shi.

Akwai abubuwa uku da mai sayen Mac ta hannu zai kiyaye. Na farko, MacBook Pro na 2016 zuwa 2019 da yawa suna ɗauke da wani siririn kibod da ya yi ƙaurin suna wajen maƙalewa idan ƙura ta shiga ƙarƙashin maɓallansa, kuma ba sai an faɗa wa mutumin Argungu yadda ƙurar Disamba da Janairu take ba. Na biyu, Apple ya sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau Mac masu firosesar Intel, saboda haka sayen su yanzu sayen abin da kwanansa ya kusa ƙarewa ne. Na uku, idan tsohon mai na'urar bai cire asusunsa na iCloud ba, ko kuma na'urar tana ƙarƙashin kulawar wani kamfani ko makaranta a ƙasar waje, tana iya kullewa a hannunka, kuma babu mai gyaran da zai buɗe ta ta halastacciyar hanya. Ka sa a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka shigar da naka asusun kafin ka biya.

Inda Windows ta yi zarra shi ne sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Idan fankar HP ko cajar Dell ta mutu ranar Alhamis, akwai yiwuwar a samu madadinta a cikin gari kafin ɗaurin auren Asabar. Allon MacBook kuwa idan ya fashe, sau da yawa sai an aika Kano, Abuja ko Legas, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. A ganina, wanda kwamfuta ɗaya tak zai iya mallaka, kuma yawancin aikinsa a ƙananan garuruwa ne, kwamfutar ofis ta Windows da aka gwada da kyau ta fi masa kwanciyar hankali.

Mataki na shida: zafi, ƙura da wuta

Nan ne jagororin da aka rubuta don mutanen Turai ba su da abin faɗa mana. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera MacBook ta yi aiki ne a yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, kuma sauran kamfanoni ba su yi nisa da wannan ba. A Birnin Kebbi kuwa zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, kuma yinin biki da yawa a ƙarƙashin rumfa ake yin sa tun daga azahar. Idan firosesa ta kusanci digiri 100, takan rage gudunta da kanta, kuma a wannan lokacin ne sauti ke fara karyewa, galibi bayan sa'a biyu ko uku da farawa, daidai lokacin da fili ya cika.

Saboda haka ka juya kwamfutar ka dubi inda iska ke shiga da inda take fita. Wadda ke da ɗan kauri da wadatattun ƙofofin iska ta fi siririya ƙwarai jure yanayinmu. Ka kuma tambaya ko murfin ƙasanta yana buɗewa da sukurori na yau da kullum, domin bayan kowane hunturu ya kamata a buɗe a share fanka, kuma kwamfutar hannu da ta shekara biyar ko shida tana buƙatar a canza mata man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta. A wajen aiki kada a ɗora ta a kan teburin da aka lulluɓe da yadi ko darduma, domin yadin yana toshe ƙofofin ƙasa. A sa mata matashin ƙarfe mai ɗaga ta sama, a ajiye ta a inuwa, in da hali a juyo mata da ƙaramar fanka.

Batir a wannan sana'a shi ne mai gadin kiɗa. Idan janareto ya shaƙe ko mai ya ƙare, lasifiku za su mutu, amma kwamfuta mai lafiyayyen batir za ta tsaya a inda take, da an tayar da inji kiɗa ya ci gaba. Wadda batirinta ya mutu kuwa sai an sake kunna ta, a buɗe manhaja, a nemo waƙa, jama'a na tsaye suna kallon ka. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai zuwa bukukuwa sayen kwamfutar tebur, duk da arharta. Caja kuma ta zama ta asali mai ƙarfin da kamfani ya rubuta. Kwamfutocin Dell da HP da yawa suna gane caja, kuma idan ba su amince da ita ba sukan rage gudun firosesa, mai ita ya yi ta zargin manhaja. Ka riƙa zare caja kafin a tayar da janareto da kafin a kashe shi, domin a waɗannan lokuta ne wuta ke yin tsalle, kuma ka raba layinta da na amfilifaya ta hanyar soket mai kariya.

Idan ka ji wani gurnani a lasifika wanda ke ɓacewa da zarar an zare caja, matsalar ta haɗuwar wayoyin ƙasa ce tsakanin kwamfuta da amfilifaya. Maganinta ƙaramin akwatin tace sauti ne da ake sawa tsakanin kwantirola da mikisa. Wasu sukan karya ƙafa ta uku ta fulogi don gurnanin ya tafi, alhali wannan ƙafar ce ke kare mai riƙe da makirufo daga jan wuta.

Sauran abubuwan jiki ba su buƙatar dogon bayani. A samu ramukan USB aƙalla uku, ɗaya na kwantirola ita kaɗai, kuma idan dole sai an yi amfani da marabar USB, ta zama mai nata wutar. Allo ya zama inci 14 ko 15 mai ɗigo 1920 da 1080, marar sheƙi don a iya karanta shi da rana, kibod kuma mai haske saboda aikin dare. Mai haska majigi ya tabbatar akwai ramin HDMI.

Mataki na bakwai: gwaji kafin biyan kuɗi

Ko a Birnin Kebbi za ka saya, ko Sakkwato, ko ka yi tattaki zuwa titin Beirut a Kano, ka tafi da kwantirolarka, wayarta, hedifon, da filashi mai ɗauke da manhajarka, waƙoƙi kamar hamsin, da ƙananan manhajojin gwaji na Windows guda uku na kyauta: LatencyMon, CrystalDiskInfo da HWiNFO. Ka yi wa mai shago bayani tun farko cikin mutunci cewa aikinka na sauti ne, kana buƙatar kamar sa'a ɗaya kana gwadawa. Mai kaya mai kyau ba ya ƙin wannan.

Ka fara da batir. A Windows, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan abin da ya rage bai kai kashi 70 cikin 100 ba, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. A Mac ana duba adadin zagayen caji a bayanan na'ura, kuma Apple ya ƙiyasta wa batiran MacBook na zamani zagaye 1,000. Daga nan ka buɗe CrystalDiskInfo ka ga lafiyar SSD da sa'o'in da ta yi tana aiki. Ka sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, don ka tabbatar babu kalmar sirrin da tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita ya bari.

Sai babban gwajin. Ka haɗa kwantirola, ka saita miƙa sauti a 256, ka ɗora waƙoƙi biyu suna tafiya tare, ka kunna LatencyMon ka bar ta aƙalla minti ashirin, Wi-Fi a kunne. A ƙarshe za ta rubuta maka ko na'urar ta dace da aikin sauti na nan take, kuma idan ba ta dace ba za ta nuna direban da ya jawo jinkirin. Idan sunan da ya fito ndis.sys ne, matsalar ta hanyar intanet ce, kuma kashe Wi-Fi yakan magance ta. Ka kashe ka sake gwadawa. Idan nvlddmkm.sys ne, na katin Nvidia ne, wani lokaci canza direba yana gyarawa. Idan kuwa ACPI.sys ne, wato abin da ke lura da wuta da batir, gyaransa yana da wuya, kuma ni dai shawarata a ajiye wannan kwamfutar a ɗauki wata. Kana cikin haka ka riƙa leƙa HWiNFO: idan zafin firosesa yana zaune sama da digiri 90 a cikin shago da waƙoƙi biyu kacal, to a filin biki abin zai fi haka muni. Ka zare caja ana cikin kiɗa ka mayar, ka girgiza wayar USB a hankali a kowane rami ka ga ko kwantirola za ta ɗauke. A ƙarshe ka nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da ita, domin rasit ɗin shi ne kuma shaidarka idan wata rana aka ce kayan sata ne.

Mataki na takwas: shirya ta bayan an kawo gida

A goge komai a ɗora sabuwar Windows mai tsabta, a sauke direban kwantirola daga gidan yanar gizon kamfaninta, a kuma zaɓi ASIO, wato direban sauti mai rage jinkiri, a saitin sautin manhaja idan kwantirolar tana da shi. Manhajar da aka fasa aka cire mata lasisi takan jawo daskarewar da ake ɗora wa kwamfuta laifinta, ban da ƙwayoyin cutar da kan zo tare da ita. Wanda bai da kuɗin lasisi yanzu ya riƙe Mixxx ko Serato DJ Lite ko nau'in rekordbox da kwantirolarsa ta buɗe masa. A saitin wuta a zaɓi mafi ƙarfin aiki, a hana kwamfuta barci, a kashe tsarin da ke ɗauke wa ramukan USB wuta don tanadin batir. A kashe sautin sanarwa, don kada saƙon WhatsApp ya fito ta lasifika ana tsakiyar addu'ar buɗe taro. Windows tana ba da damar dakatar da sabuntawa har makonni biyar, kuma ya kamata a yi amfani da wannan a lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Mai Mac kuma kada ya hau sabuwar macOS sai kamfanin manhajarsa ya sanar cewa ta dace.

Duk sabuwar waƙa a sa manhaja ta tantance ta tun a gida, ta auna gudunta ta zana taswirarta, domin yin hakan a filin biki ƙarin nauyi ne a kan firosesa, kuma a lokacin tantancewar ne ake gano fayilolin da suka lalace, waɗanda suka yi yawa a cikin waƙoƙin da aka karɓo daga masu turawa a kasuwa ko aka yi ta yawo da su a waya. Idan aikin a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi ne, ka buɗe manhajar ka tabbatar asusunka a shige yake tun kana gari, sannan ka kashe Wi-Fi da Bluetooth kafin a fara.

Filashin baƙi kada ya shiga kwamfutar aiki. A kowane biki sai an samu ƙanen ango ko ƙawar amarya da za su zo da waƙar da suke so a sa, kuma ta wannan hanya ce cutar da ke mayar da fayiloli gajerun alamomi take yaɗuwa. Ka tanadi tsohuwar waya ta musamman da za a tura mata irin waɗannan waƙoƙi, ka haɗa ta da wani layi daban a mikisa, ka kuma zuba mata haɗaɗɗen kiɗa na kamar sa'a ɗaya wanda za ka ɗaga nan take idan kwamfuta ta buƙaci a sake kunna ta. Dukkan taskar waƙoƙinka kuma, tare da bayanan da manhaja ta ajiye na jerin waƙoƙi da alamomin da ka sa musu, ka riƙa kwafe su duk wata a SSD ta waje da aka tsara da exFAT, wadda Windows da Mac duka suke karantawa su rubuta a kanta, ka bar ta a gida, ba a jakar da kwamfutar take ba.